Idan Jif Ta Kama Karkarwa a Babban Titi: Yadda Ake Gano Inda Ciwon Yake

Ƙorafin da ya fi kawo masu jif gareji a wannan yanki namu kusan iri ɗaya ne. Mutum zai taso daga Dingaya, ya shiga Gwaram, ya zagaya cikin garin Birnin Kudu, mota lafiya lau. Amma da ya miƙi hanyar Kano, allura ta kai 90 ko 100, sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, madubin tsakiya ya daina nuna baya sosai, kujera ta ɗauki karkarwa. In ya sassauta ƙafa abin ya lafa, in ya ƙara wuta abin ya dawo.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora shi ne yadda yaran gareji, har da wasu da aka daɗe da yaye su, ke tarbar wannan ƙorafi. Kafin mai mota ya rufe baki an ce masa alaimen ne. Aka yi ba ta daina ba, sai a ce shokozoba. Aka sa sababbi, sai a koma kan tayarod. A yi ta aika bawan Allah Ƙofar Ruwa sayen kaya, alhali ba wanda ya shiga motar ya tuƙa ta ya ji da jikinsa. Wannan lalube ne, kuma da kuɗin mutane ake yin sa.

Girgiza ba ta fitowa haka kawai. Dole akwai wani abu mai juyawa da ke haifar da ita, kuma masu juyawa a mota rukuni uku ne: tayu da abin da ke liƙe da su, farfela da shaf, sai inji. Kowanne da saurinsa. Ɗauki taya mai lamba 265/65R17, irin wadda ke ƙarƙashin Prado da Hilux da yawa. Duk juyi ɗaya tana cin kusan mita biyu da rabi, don haka a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa wajen sau 11 a sakan guda. Farfela kuwa tana yin juyi kusan huɗu kafin taya ta yi ɗaya, wato sama da sau 40 a sakan. Shi ya sa girgizar taya take da nauyi, har ido na ganin sitiyari yana kaɗawa, ita kuwa ta farfela siririya ce, ziza ce da gurnani da ke ratso ƙasan mota su shiga tafin ƙafa. Inji kuma nasa juyin daban yake tafiya, allurar inji ce ke nuna shi. Aikinka shi ne ka rabe waɗannan ukun kafin ka ɗauki sifana, sannan ka fara bincike daga mai arha zuwa mai tsada.

Kayan da za ka tanada

Ba kaya masu yawa ba ne. Kana buƙatar gejin iska mai gaskiya, naka na kanka, domin na bakin titi da yawa sun sha faɗuwa ƙasa har sun daina faɗin daidai. Sai jak mai ƙarfi tare da ƙafafun ƙarfe na tallafe mota, da katako ko duwatsu masu faɗi na tokare tayu. Sai wil-sifana, da sifana mai awon ɗauri idan akwai, da doguwar liba, da tocila, da burushin waya, da alli, da bokitin ruwa. Ka riƙe takarda da biro, domin abin da ka ji a gudun 80 da abin da ka ji a 105 suna cakuɗewa a kai kafin ka dawo gareji. Na ƙarshe, abokin aiki da zai zauna a kujerar baya lokacin gwaji. Injin balansin ba kowane gareji ke da shi ba. In babu nagari a kusa, a tafi Dutse ko Kano, amma sai an gama matakan da ke gabansa.

1. Tambayi mai mota

Minti biyar na tambaya yakan rage maka wuni guda na aiki. Ka gaishe shi, ka ba shi wurin zama, sannan ka tambaya a natse: "Alhaji, tun yaushe ta fara? Me aka yi mata kafin nan? An sauya taya ko an yi faci? Kun faɗa rami da gudu? A wane gudu take farawa, kuma in an wuce shi tana lafawa? A hannu kuke jin ta ko a kujera? In kun taka birki tana ƙaruwa?"

Tambaya ta biyu ita ce uwa. Girgizar da ta fara ran da aka sa taya 'yar Kwatano, ko ran da aka sauya rim don ado, ko washegarin da aka kwance giyabos, ta riga ta nuna maka ƙofa. In direba ne ke jan motar, ka keɓe shi ka tambaye shi shi kaɗai. Sau da yawa shi ya san ramin da aka daka, amma ba zai faɗa a gaban maigidansa ba.

2. Duba ta a tsaye kafin ka hau titi

Kada ka taɓa ɗaukar mota mai karkarwa ka kai ta gudun 100 ba tare da wannan dubawa ba, domin wasu dalilan girgiza gargaɗi ne na taya da ke shirin fashewa ko ficewa. Fara da notinan taya, ka sa wil-sifana a kowanne. Noti mai sako-sako yakan bar zanen tsatsa ko garin ƙarfe a gefen raminsa.

Sai iska. Ka auna ta tun taya na da sanyi, ka gwada da adadin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba, kuma nan ne masu faci da yawa ke kuskure, su dunƙula wa jif iska 50 ko 60. Taya mai iska fiye da kima ba ta shanye komai, duk ƙaramin aibi sai ta miƙa shi ga sitiyari. Haka kuma kada ka rage wa taya iska tana da zafi. A bazara, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, geji zai nuna ƙarin uku ko huɗu bayan doguwar tafiya, kuma wannan ba laifi ba ne.

Daga nan ka durƙusa da tocila ka leƙa cikin rim ta baya. Wannan shi ne abin da ya fi shafar mu mutanen karkara. Motar da ta ratso taɓon damina daga gona ko daga ƙauye kafin ta hau kwalta takan ɗauko laka a cikin rim, lakar ta bushe ta zama dutse a gefe ɗaya. Kada ka raina ta. Nauyin giram 50 kacal a bakin taya, in mota na gudun 100, yana fizgar ƙafar da ƙarfin da ya kai wajen kilo 10, sau 11 a kowane sakan. A gudun 50 kuwa fizgar ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba, domin in gudu ya ninka biyu ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Abin kamar fankar sama ce da aka lanƙwasa wa fiffike ɗaya: a lamba ɗaya shiru, a lamba biyar sai ta nemi tsinkowa. Dalilin ke nan da ya sa mai mota ke rantsuwa cewa a cikin gari ba ta yin komai, kuma gaskiyarsa. Ka kankare lakar, ka wanke rim huɗun tas, ka cire tsakuwar da ta maƙale a zanen taya. Yayin da kake ciki, duba ko akwai tabon inda dalmar balansin ta faɗi.

3. Gwajin titi

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne. Zaɓi miƙaƙƙen titi mai santsi wanda ka san shi, da rana, nesa da gari. Kada ka yi gwaji a ranar kasuwar Sara ko wata babbar kasuwa, lokacin da hanya ke cike da babura da dabbobi da motocin kaya. Ka ɗaura bel, ka kuma tuna cewa dokar hanya ta ƙasa ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a tagwayen tituna, ƙasa da haka a sauran. In girgizar ba ta fitowa sai a 130, maganinta na farko a ƙafar direba yake.

Ka fara da tuƙi na kamar kilomita 15 don tayu su ɗumama. Motar da ta daɗe a ajiye, tayunta sukan ɗan baje ta inda suka zauna a ƙasa, su yi karkarwa da farko sannan su koma daidai. In ta ɓace bayan ɗumama, ba abin gyara. In ba ta ɓace ba, ga gwaje-gwaje huɗu.

Na farko, ƙara gudu sannu a hankali, abokinka yana rubuta inda ta fara, inda ta fi tsanani, da inda ta ragu. Girgizar da ke tasowa wajen 85 ko 90, ta yi ƙamari a 100 zuwa 110, sannan ta ɗan lafa, kusan kullum ta taya ce, domin a wannan gudun ne juyin taya ke dacewa da tsallen da ƙafar mota ke yi a kan sifirin, su haɗu su ƙarfafa juna. In kuwa tun daga gudun 20 ko 30 kake jin mota na lilo ko tana ɗingishi, ka zargi taya da ta kumbura ko rim da ya lanƙwashe.

Na biyu, tsaya a gudun da ta fi tsanani ka sauya giya, daga ta biyar zuwa ta huɗu, ko a mai sauya giya da kanta ka sauko da mataki ɗaya. Yanzu juyin inji ya tashi amma gudun mota bai canja ba. In girgizar ta canja, inji ne ko abin da ke riƙe da shi. In tana nan yadda take, inji ya fita daga zargi.

Na uku, a wannan gudun dai, ka sa mota a firi na 'yan sakanni kaɗan inda hanya ta miƙe babu kowa. Kada ka kashe inji ko da wasa, domin birki da sitiyari za su yi tauri, sitiyarin ma yana iya kullewa. In girgizar ta ci gaba a firi, taya ce ko rim ko boris, ko kuma rashin daidaiton farfela. In ta ɗauke da zarar ka cire ƙafa daga totur, ta kuma dawo da ka taka, to tana bin nauyin ja ne, wato kuros na farfela, ko shaf, ko injin-sit.

Na huɗu, daga gudun 90 ka taka birki a hankali. In sitiyari ko fedar birki suka fara bugawa a lokacin kaɗai, ka san inda za ka nufa, wato birki.

Duk tsawon gwajin ka lura da inda jiki ke jin abin. A sitiyari, ƙafafun gaba ne. A kujera da ƙasan mota, ƙafafun baya ne ko farfela, kuma wanda ke zaune a baya yakan iya faɗin ɓangaren. Da ka tsaya, zagaya motar ka kusantar da bayan hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi sosai, birkinsa na riƙewa ne ko boris ɗinsa na ci.

4. Ɗaga ta ka juya tayu

A ƙasa mai tauri da daidaito, ka tokare tayu, ka ɗaga, ka sa ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashin mota ba ne, bulon siminti kuma yana farfashewa ba tare da sanarwa ba. Wani gargaɗi na musamman ga jif: kada ka ɗaga ƙafa ɗaya ko biyu ka tada inji ka sa giya. Yawancin Prado da Land Cruiser da irinsu suna ja da ƙafa huɗu koyaushe, ƙafafun da ke ƙasa za su fizge motar daga kan jak.

Ajiye wani abu tsayayye, kamar gwangwani mai nauyi da aka ɗaure wa alli, dab da fuskar taya, sannan ka juya tayar da hannu. Ka kalli tazarar da ke tsakaninsu. In tana buɗewa tana rufewa fiye da milimita biyu, tayar ba ta zagaye daidai. Ka maimaita a gefen taya, sannan a leɓen rim na waje da na ciki. Na ciki shi ake mantawa da shi, alhali shi ne rami ya fi lanƙwasawa, domin ba shi da ƙarafan da ke tallafe shi. Rim na ƙarfe ana iya miƙe shi. Na alminiyom da ya tsage kuwa a yar da shi, walda ba ta mayar masa da amana.

Sannan ka shafa tafin hannunka a kan fuskar tayar gaba ɗaya, a hankali saboda waya. Kana neman tudu, ko wurin da zanen ya karkace ya fita daga layi, ko ƙwai a gefe. Waɗannan alamu ne cewa wayoyin cikin tayar sun rabu da roba. Irin wannan taya ba ta da balansin, ba ta da faci, ba ta da "bari mu lallaɓa zuwa Kano". A cire ta nan take. Jif tana da tsayi, nauyinta a sama yake, in tayar baya ta ɓare a guje saurin kifewa gare ta. Amurka ta ga wannan: a watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayu miliyan 6.5 daga kasuwa bayan da fuskar tayun ta riƙa ɓarewa, galibi a ƙarƙashin jif ɗin Ford Explorer, kuma an danganta mutuwar fiye da mutum 200 da lamarin. Yawancin haɗurran a jihohi masu zafi suka auku. Mu ma nan ga zafi, ga lodi, ga tayu da suka gama rayuwarsu a Turai kafin su iso mana.

Ka karanta shekarun taya. A gefenta akwai jerin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi a kan taya da ta wuce shekara huɗu, manyan kamfanonin taya kuma ba su yarda a wuce goma ba ko da zanen na nan cif. Zane da ya gaza milimita 1.6 ya ƙare. Ka kuma tabbata lambar tayu huɗun ɗaya ce. A jif mai ja da ƙafa huɗu, taya da ta bambanta da 'yan'uwanta a girma tana sa gaba da baya su yi ta jayayya, ta kawo ziza, a ƙarshe ta ci giyar tsakiya.

In ka ji fuskar taya hawa da gangara, rami-rami a jere, wannan aikin mataccen shokozoba ne. Ka riƙe wannan zuwa mataki na 7.

5. Musanya gaba da baya

Gwaji ne da ba ya cin ko sisi. Ka sa wa kowace taya alama da alli, ka mayar da na gaba baya, na baya gaba, a ɓangarensu, ka koma titi. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama mai laifi: yana cikin biyun da ka mayar baya. Ka yi amfani da safaya, in lafiyayya ce kuma girmansu ɗaya, ka maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya har ka ware ta. In girgizar ba ta motsa daga inda take ba, ka fara duban gaba da taya.

Kafin ka mayar da kowace taya, goge fuskar hob da bayan rim da burushin waya. Tsatsa ko yashi kaɗan a tsakaninsu ya isa ya karkatar da taya. In rim ɗin ba na motar ba ne, duba ramin tsakiyarsa: in ya fi wuyan hob faɗi, tayar ba za ta zauna a tsakiya ba, kuma duk balansin duniya ba zai gyara ba sai an sa zoben cike gurbin ko an koma rim na asali.

6. Balansin

Sai yanzu. Kuma ka tsaya a kan aikin da kanka. A cire tsofaffin dalma duka kafin a fara, a tabbata rim a wanke yake. Kalli tayar yayin da inji ke juya ta: in tana tsalle sama da ƙasa, inji zai iya nuna sifiri amma titi ba zai yarda ba, domin balansin nauyi yake daidaitawa, ba ya mayar da taya zagayayya. A sa dalma ciki da waje. Wasu masu mota ba sa son ganin dalma a waje saboda ado, sai a sa a gefe ɗaya, wannan kuwa yana barin taya mai faɗi tana kaɗa kai hagu da dama. Akwai dalma mai manne da ake ɓoyewa a bayan ƙarafan rim, a yi amfani da ita.

In inji ya nemi dalma mai yawa ƙwarai, kada a yi ta jibgawa. A sace iskar, a juya tayar rabin zagaye a kan rim, a sake gwadawa. Sau da yawa ɓangaren taya mai nauyi ne ya haɗu da ɓangaren rim mai nauyi. In kuma duk juyi inji lamba daban yake bayarwa, akwai abin da ke yawo a cikin tayar: ruwan da injin iska mai tara raɓa ya tura, ko ruwan toshe huda, ko ɓallen faci. A buɗe a share. Gwajin gaskiyar mai balansin shi ne, bayan ya samu sifiri, ka ce ya kwance tayar daga injin, ya ɗan juya ta, ya sake ɗaurawa. In lamba ta yi tsalle sosai, bai ɗora ta a tsakiya ba ko injinsa ya kauce, kuma rim manya na jif sun fi ba da wannan wahala.

7. Ƙafafun mota

Mota na sama, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Motsi a nan boris ne ko bol-join. Kama ta hagu da dama, motsi a nan tayarod ne ko rak na sitiyari. Sa liba a ƙarƙashin taya ka ɗaga, abokinka na kallon bol-join da tocila. Duba bushin na hannuwa ko sun tsage, duba shokozoba ko yana zubar da mai. Boris da ya fara mutuwa yakan yi gurnani da ke ƙaruwa da gudu, sautin ya canja in ka ɗan karkata sitiyari hagu ko dama.

Ga abin da nake so yaran gareji su riƙe: tayarod da bushin da shokozoba ba sa juyawa, saboda haka da wuya su ƙirƙiri girgiza da kansu. Abin da suke yi shi ne su ƙyale ƙaramar girgizar taya ta zama babba. Duk wanda ya mutu a cikinsu a sauya shi, don tsaron rai, amma kada a yi wa mai mota alkawarin cewa shi ke nan. Alaimen ma haka. Rashinsa yana sa mota ja gefe, yana cinye taya ta ɓangare ɗaya, yana karkatar da sitiyari. Lokacinsa bayan an sauya kayan ƙafa ne, don kare sababbin tayu.

8. Birki

In gwaji na huɗu ne ya nuna, cire taya ka duba faifan birki. Yawanci kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri, sai fad ya riƙa kamawa yana saki. A sitiyari, faifan gaba ne. A kujera da feda, na baya. Ana iya kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a daidaita fuskarsa, muddin ba zai gaza mafi ƙarancin kaurin da aka rubuta a jikinsa ba. Amma ka nemi abin da ya lalata shi: kalifa mai riƙewa, fil ɗinta da ya bushe babu giris, ko notinan da aka ɗaure da tsalle a kan bututu. Kalifa mai riƙewa tana iya kawo girgiza ko ba a taka birki ba, wadda ke farawa bayan tafiyar minti ashirin ko talatin, in faifan ya yi zafi.

9. Farfela da shaf

Nan sai ka san irin jif ɗin da ke gabanka. Prado, Land Cruiser, Hilux da 4Runner suna da farfela mai kuros. Highlander, RAV4, CR-V da Lexus RX kuwa asalinsu da ƙafafun gaba suke ja, ta hanyar shaf biyu, masu ja da huɗu a cikinsu ne kawai ke da farfela zuwa baya.

Ga farfela, mota a tokare, giya a firi, ka kama ta kusa da kowane kuros ka murɗa, ka tura sama da ƙasa. Bai kamata ka ji ko ɗan motsi ba. Jan garin tsatsa a bakin kofin kuros alama ce ta bushewa. Amma kuros da ya sandare ba ya motsi ko kaɗan, kuma shi ma yana girgiza mota, ba a gane shi sai an sauke farfelar an lanƙwasa shi da hannu. Kafin ka kwance, ja layi da alli ko fenti a kan kowace mahaɗa. An daidaita farfela ne tun daga kamfani a yadda take, in ka zare ta ka mayar da haƙori ɗaya a kauce, kunnuwan kuros na gaba da na baya suka bar layi ɗaya, ka haifar da sabuwar girgiza da hannunka. Wannan ne ya sa motoci da yawa ke fara ziza bayan gyaran kuloci ko giyabos. Duba jikin bututun ko dutse ya lotsa shi, ko ƙaramin ƙarfen balansin da aka liƙa masa ya fita, ko igiya da leda sun nannaɗe shi. In farfela mai gaɓa biyu ce, duba robar boris na tsakiya. Inda akwai kan giris, a ba shi giris, musamman bayan ratsa ruwan damina.

Ga shaf, duba robar da ke rufe gaɓoɓinsa. Gaɓar waje in ta mutu ƙas-ƙas take yi a kwana. Ta ciki ita ce ke kawo karkarwa in an taka totur, musamman a hawa ko wajen wuce wata mota, ta ɗauke da an saki ƙafa. A Hilux da irinta masu libar ƙafa huɗu, tabbata ba a manta motar a 4H ba, domin a busasshiyar kwalta hakan na ɗaure gaba da baya.

10. Inji

In gwaji na biyu ya nuna inji, ka tabbatar a tsaye: giya a firi, ɗaga juyin inji zuwa inda allurar take lokacin da abin ke faruwa a titi. Fulogi ko koyil ko nozul da ke yanke wuta yakan sa mota shessheƙa in an ɗora mata nauyi, sau da yawa fitilar inji na ƙiftawa, kuma kwamfutar gwaji za ta faɗi silindar. Injin-sit da ya fashe yakan bar inji ya yi tsalle in an sa giya ana riƙe da birki. Duba kuma ko bututun hayaƙi na taɓa jikin mota. A mai sauya giya da kanta, wata karkarwa gajera da ke zuwa a gudun 60 zuwa 80 da ƙafa sassauƙa, ta ɓace da an ƙara wuta, takan fito daga cikin giyabos ne, kuma a fara da duba man giya.

11. Ɗauri da gwajin ƙarshe

Ɗaura notina da hannu tukuna, taya na sama, sannan ka ƙarasa su a tsallake, ɗaya da wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba, don rim ya zauna daidai. Kowace mota da awon ɗaurinta a littafinta. Na Highlander, alal misali, 103 ne a ma'aunin Nm, wanda hannu ɗaya da sifana madaidaiciya ke kaiwa ba sai an hau da ƙafa ba.

Gyara abu ɗaya, koma titin da ka yi gwajin farko, a gudun da ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba. In ka sauya uku a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Yakan faru kuma dalilai biyu su haɗu, ka cire babba sai ƙaramin ya bayyana, don haka ka gwada sabon abin da ka ji da abin da ke takardarka kafin ka ce gyaran bai ci ba. In za ka miƙa makulli, nuna wa mai mota tsohon kayan da ka cire da aibin da ke jikinsa, ka kuma ce masa: "Alhaji, in kun yi kamar kilomita 50 zuwa 100, ku biyo a sake taɓa notinan."